Duwatsun Baba a Gindin Dalbejiya

A gefen gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi akwai wani fili da ba a san mai shi ba, a tsakiyarsa kuma dalbejiyar da Baba ya dasa da hannunsa. Kullum cewa yake a inuwarta zai ci fanshonsa. Zamanin soja ba mai yar da ko ɓawon gyaɗa a wurin, don ranar tsaftar ƙarshen wata bulala ke magana. Farar hula na hawa, kowa ya tuna yana da 'yanci. Mutanenmu fa akwai tsafta: kowa zai share ƙofar gidansa tas, sannan ya kwashi sharar ya kai wa Baba. In ta taru a cinna mata wuta, har bishiyar ta fara ƙonewa ta gefe guda. Abin ya ci wa Baba rai ƙwarai.

Ya rubuta a bango da gawayi cewa an hana zuba shara. Washegari leda ta kai har gindin rubutun. Ya kai kuka wurin Alhaji maƙwabcinmu, Alhaji ya ce, "Haba Malam, filin gwamnati ne, yanzu kuwa ai mu ne gwamnati."

Sai Baba ya sake dabara. Ya jera duwatsu kewaye da bishiyar, ya fitar da 'yar kusurwa ta gabas, ya ajiye buta biyu da tabarma. Shi ke nan, wuri ya zama masallaci. Wallahi ko tsinke ba a ƙara yarwa ciki ba. Sai dai mutum ya zo daidai bakin duwatsun ya juye kwando, ya yi sallama ya wuce. Baba ya ce, au, haka ne? Duk Juma'a sai ya matsar da duwatsun gaba kaɗan. Bola na ja da baya, masallaci na ƙara faɗi.

"Malam," in ji Alhaji, "masallacinka ya kusa kai Tarauni, mu kuwa masu sallar mu uku ne, har da kai liman."

"Jama'a na nan tafe," in ji Baba.

Ranar da ya rasu, a nan aka yi masa salla, a ƙarƙashin dalbejiyarsa da ta mayar da ganyenta. Sahu ya cika har dutsen ƙarshe, wasu suka tsaya a waje. Alhaji ya dubi jama'a, ya share ido da hannun riga, ya sunkuya ya matsar da dutse ɗaya gaba.