Gwiwar Kyaftin

A Doha, idan watan Oktoba ya kusa ƙarewa zafi yakan sassauta, har mutum ya iya tsayawa a waje bayan la'asar riga ba ta manne masa a baya ba. A gida lokacin kaka ke nan. Mu kuwa a can, abin da lokacin yake kawo mana shi ne ƙwallo. Duk watannin zafi ba mai gudu, daga mota sai ɗaki. Sai rana ɗaya a ce an buɗe fili, kowa ya fito da jikin da ya daɗe a kwance, ya ce sai ya yi irin gudun bara. Shi ya sa a makonnin farko ba a rasa mai targaɗe, ko wanda naman cinya ya riƙe, ko wanda ya faɗi a kan kafaɗa.

A tsakiyar shekarun dubu biyu ne, lokacin da ko'ina ka duba a garin gini ake yi. Ina tuƙa motar wani kamfani, ina zaune a Mansura tare da 'yan uwa a wani bene marar lif. Babbanmu a ɗakin, mai gadi ne a wani ginin ofisoshi, mutumin Funtuwa, ya haura arba'in. Kowa Kyaftin yake ce masa, ni dai Yaya nake kiransa. Baya yake bugawa. Ba shi da gudu, amma kafin ƙwallo ta iso ya riga ta isa wurin. Shi ke ɗauko kular ruwa, shi ke raba faɗa idan 'yan Zangon Kumasi da muke karawa da su sun ce an yi musu rinto.

Wata Juma'a muna wasa a wani filin yashi a Al Rayyan, bayan wasu gidaje, da bulo a matsayin raga. Ba wanda ya taɓa Kyaftin. Ya juya ne zai bi wani ɗan gaba, ƙafarsa ta dama ta nutse a yashi ta tsaya, jiki ya wuce. Ina kusa da shi, na ji ƙarar, ƙas, kamar an karya kara. Ya zauna, ya yi salati, ya ɗaga mana hannu.

"Ku ci gaba, yanzu zan tashi."

Bai tashi ba. Kafin mu isa gida gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙoƙo, sai da muka ɗauke shi cak muka hau da shi bene.

Mun yi abin da muka sani: ruwan zafi da tsumma, da man zafi. Washegari aka kira wani direba daga Madinat Khalifa wanda ya gāji ɗori wurin mahaifinsa. Ya lalluba ƙafar a hankali, ya ja ƙaurin gaba, ya ga yana tahowa fiye da kima. Sai ya sauke hannu ya ce, "Wannan ba karaya ba ce, ba kuma gocewa ba ce. Ba aikina ba ne. Ku kai shi asibiti." Har yau ina ganin girmansa saboda wannan magana.

A asibiti aka yi hoto, aka ce jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ce ta tsinke. Aka jira kumburi ya sauka, aka yi masa aiki, sannan aka tura shi sashen gashin ƙashi. Ni nake kai shi idan na tashi daga aiki, ni nake kuma taya shi da ɗan Larabcin da na tsinta a hanya.

Likitan gashin wani dogon Basudane ne mai sanyin murya. Ranar farko ya ji muna magana, ya tsaya da abin da yake yi, ya dube mu ya ce, "Sannu da zuwa." Harshen a karkace, amma Hausa ce. Ya ce kakarsa tana yarinya iyayenta suka taso da ita a ƙafa za su hajji, tafiya ta tsaya musu a Sudan. Gaisuwa da sunayen abinci kawai suka rage a bakinsa. Daga ranar Kyaftin ya saki jiki da shi.

Sai ya ɗauko ƙanƙara a leda ya ɗora a gwiwar. Kyaftin ya zabura.

"Kai, tambaye shi. An ce gashi za a yi mini, wannan kuma fa?"

Da na fassara, Likita ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce zafi yana da lokacinsa, amma gwiwa mai kumburi sanyi take so.

Dariyar ba ta daɗe ba. Da aka kwance abin da aka ɗaure ƙafar da shi, cinyar ta rame, ba ta kai rabin 'yar uwarta ba. Likita ya naɗe tawul ya sa a ƙarƙashin gwiwa, ya ce ya danna. Kyaftin ya danna, ba abin da ya motsa. Ya ce ya ɗaga ƙafar a miƙe. Gumi ya keto masa, ya cije leɓe, diddigen bai bar katifa ba. Mutumin da ke ɗaukar buhun shinkafa ya hau bene da shi ya juyar da fuska bango.

Likita ya jawo kujera ya zauna. Ya ce in tambaye shi me yake so gwiwar nan ta yi masa. Na zaci zai ce ƙwallo. Sai Kyaftin ya ce, "Gaya masa ina so in kai goshina ƙasa. Na gaji da sallar kujera." Tun bayan faɗuwar a kan kujerar roba yake salla, a ƙarshen sahu, tare da tsofaffi. Ban san abin yana cinsa haka ba.

Likita ya gyaɗa kai. "Khalas, shi ke nan, can za mu. Amma sai ta miƙe tukuna, sannan mu koya mata lanƙwashewa."

Ban taɓa ganin mutum ya riƙe abu kamar yadda Kyaftin ya riƙe wannan aiki ba. Bayan asuba muna komawa barci, shi yana zaune a ƙasa ya jingina da bango, ya sa leda a ƙarƙashin diddige don ya yi santsi, yana jawo ƙafar da rawani a hankali, yana mayarwa. Ba abin kallo a ciki. Yau kamar jiya, gobe kamar yau. A wurin aiki shugabansu ya mai da shi teburin karɓar baƙi, can ma a ƙarƙashin tebur ƙafar ba ta hutawa. Bai taɓa ce mana mu tausaya masa ba, kuma ranar da girki ya zagayo kansa, a zaune yake yanka albasa.

Ƙwazon ne ma ya so ya ja masa. Da ya ajiye sandunan da yake dogarawa ya ji ƙarfi, sai ya shiga hawa bene yana sauka, ba wanda ya sa shi. Gwiwa ta sake kumbura. Ranar ce kaɗai na ga ran Likita ya ɓaci. Ya ce in faɗa masa, kada in rage komai: jijiyar da aka dasa sabuwa ce, ba ta san shi kyaftin ba ne, kuma idan ya tsinka ta, daga farko za a koma. Kyaftin ya sunkuyar da kai kamar ɗalibi.

"Ba shi haƙuri. Ce masa na ji."

Ya kuwa ji. Aka koma baya, aka sake tasowa. Akwai wani keke da ba ya tafiya, wanda ya yi makonni yana kai fedarsa rabi yana dawowa. Ranar da ta zagaya gaba ɗaya, wani tsoho Baƙatare da ke gadon kusa, mai jinyar kafaɗa, ya tafa masa da hannu ɗaya a cinya. Daga nan aka shiga tsayuwa da ƙafa ɗaya a kan wani faifai mai lilo, Likita yana jefo masa ƙwallo yana caɓewa. Sai durƙuso, da farko a kan tarin matasai, ana rage su sannu a hankali. Shi kansa Likita yakan cire takalmi ya durƙusa a gefensa, yana duba inda nauyi yake sauka.

Zafi ya fara dawowa lokacin da abin ya yiwu. Wata magariba muka shiga masallacin unguwa, Kyaftin ya wuce kujerarsa ya tsaya kusa da ni. Na ji shi yana sauka a hankali, hannu kafin gwiwa. A zaman tahiya ƙafar ta ɗan fita gefe. Aka sallame. Wani dattijo ɗan Pakistan da suka daɗe suna maƙwabtaka a sahun kujeru ya miƙo hannu ya dafa kafaɗarsa.

Satin nan Kyaftin ya tuƙa tuwo, ya kaɗa miyar kuka, ya zuba a kula muka kai wa Likita. Ya buɗe, ya shaƙi ƙamshin, sannan ya wanke hannu ya ci a nan cikin ofis.

Sai da wata kakar ta zagayo Likita ya yarda ya taɓa ƙwallo, da sharaɗin ba a yashi mai zurfi ba. Kyaftin ya nemo mana wani fili mai ƙasa tauri, ya kafa doka: ba mai shiga sai an zagaya fili an miƙe jijiyoyi. Samari suka yi gunaguni, suka bi. Ya buga ɗan lokaci, ya ƙwace ƙwallo a ƙafar wani saurayi yadda ya saba, sannan ya ɗaga hannu da kansa ya fita ya zauna a kan kula. 'Yan Kumasi suka cinye mu ranar. A mota, tun daga Al Rayyan har Mansura, Kyaftin faɗa yake mini don na bar gefena a buɗe.