Mutumin da Ya Buga Littafin Jana'izarsa

A gaban idona aka yi, don ni aka ɗauka dafa abincin makokin. Wani ƙauye ne bayan Mpigi, mamacin kuma tsohon malamin makaranta ne. An haƙa kabari a cikin gonar ayaba, an naɗe gawa, rumfa ta cika, ba abin da ake jira sai littafin jana'iza. Mu a nan ba a binne mutumin kirki haka kawai. Sai an raba wa jama'a ɗan littafinsa, hotonsa a bango, tarihinsa a ciki, ga waƙoƙin coci, ga 'ya'ya da jikoki sun yi layi suna murmushi.

Ina tsaye kan tukunyar matoke, dafaffiyar ayabarmu, sai ga babur ya sauke maƙwabcina, Yokana Ssebuliba, sanye da kwat ɗinsa mai ruwan toka, rungume da kwali kamar an ba shi jariri. Da hannunsa ya yanke igiyar, da hannunsa ya miƙa wa matar mamacin littafin farko, har da ɗan rusunawa.

Matar ta dubi bangon, ta dube shi, ta sake duban bangon. Ta ce, "Ssebo," wato yallaɓai, "wannan ba mijina ba ne."

Sunan na mijinta ne. Ranar haihuwa da ta mutuwa duk nasa ne. Amma a tsakiyar furannin, a cikin wannan kwat mai ruwan toka, Ssebuliba ne yake kallon jama'a, ya ɗan karkata kai kamar wani ɗan majalisa. Littattafan sun riga sun fara yawo hannu zuwa hannu. Wata tsohuwa ta ɗaga kai ta gan shi tsaye, ta saki nata ya faɗi ƙasa, ta fara addu'a. Ƙanen mamacin, da jar ƙasar kabari har gwiwa, ya zo ya kama shi ta wuyan riga, ya ce masa ba tare da ɗaga murya ba, "Ramin yana nan a buɗe. In sauri kake yi, akwai wuri."

An tattara littattafan an mayar cikin kwali, an binne malamin ba littafi. Ssebuliba ya dawo Kampala a bayan motar kaya tare da ni, a tsakanin tukwane, kwalin yana kan cinyarsa. Na yi niyyar in yi shiru, Allah ya sani, na kuma yi har wajen Nsangi. Daga nan na ce, "Marigayi, ɗan matsa, kana danne mini murfi." Sunan da ya bi shi ke nan har yau a duk layinmu na Katwe.

Ɗakinsa da nawa bango ɗaya ne ya raba, bangon da in ya yi tari sai cokalina ya motsa. Shekarun da muka yi a haka sun isa a haifi yaro ya yi gemu. Matarsa ta rasu tun tagwayena suna rarrafe, 'yarsa ɗaya kuma tana aikin gida a ƙasashen Larabawa, sai murya a waya. Shi mai tsara shafi ne. Da farko na ɗauka shara yake yi a ofis, don kullum da gutsattsarin takarda manne a gwiwar hannunsa yake dawowa. Ashe a wata mujallar iyali yake, wadda ake bugawa duk wata, ita ce ma ke koya wa matan gari ɗinki da yadda ake riƙe miji. Marubuta su rubuta, mai hoto ya ɗauka, shi kuma ya zauna da reza da rular ƙarfe da gam, ya yanka rubutun dogo-dogo, ya ba kowane abu mazauninsa.

Yana da dokoki fiye da coci. Fuskar da ke hoto dole ta kalli cikin shafi, in ta kalli waje, wai mai karatu zai bi ta ya fice. Ba a yanke mutum a gwiwa ko a wuya. Kanun labari ba ya zama kan goshin kowa. Babbar dokar kuwa ita ce farin wuri, wato inda ba a sa komai ba. Na taɓa ce masa, "Muzeyi," wato dattijo, "takardar nan saye ake yi, ka bar rabinta ba komai, sata ce." Ya ce, "Nnalongo," haka ake kiran uwar tagwaye a nan, "shafi ma yana numfashi. Ke da ba ki taɓa barin fili tsakanin magana da magana ba, ba za ki gane ba."

Batun hotonsa ma doka ce. Mai tsara shafi ba ya jiran hoto, yakan sa wani na wucin gadi a gurbin, ya ci gaba da aiki, in na gaske ya iso a musanya. Tun yana sabon shiga wani abokin aikinsa ya cike gurbi da hoton wani bawan Allah da ya tsinta a aljihun tebur, aka manta, mujalla ta fito da fuskar mutumin a gefen labarin ɓarawon shanu. Mutumin sai da ya bar garinsu. Tun daga ranar Ssebuliba ya ce shi fuskarsa zai riƙa sawa, in ta kuɓuce ba a cuci kowa ba sai shi. Duk zamanin reza ba ta kuɓuce ba. Kwamfuta ta zo, ya koye ta da furfurarsa, ba ta kuɓuce ba. Mujallar ta mutu, masu karanta ta suka koma waya, ya tattara ya koma titin Nasser inda injinan buga takarda suke ruri daga safe har yamma, ya sami tebur a maɗaba'ar Hajati Nassuna, tsakanin injin yanka da matakala. Mujallun makarantu, littattafan biki, amma mafi yawa na jana'iza, don su ne ba sa yankewa. Nan ma ba ta kuɓuce ba, sai wannan karon.

Ya gaya wa Hajati gaggawa ce, aikin mutuwa kullum a guje ake yin sa. Ta ce ta ji, amma a titin nan dariya ɗaya ake yafewa. Teburin nan shi ne abincinsa, shi ne ɗakinsa na Katwe, shi ne dalilin da yake goge takalmi da safe. In ya rasa shi, sai ƙauye, wurin ɗan wansa, mutumin da bai taɓa buɗe mujalla ba sai don ya kunna wuta.

Ni ban yarda da batun gaggawa ba. Na fara lura da shi. Na ga yana zuba shayi rabi a kofi rabi a tebur. In na yi masa magana sai ya juya kai gefe ya dube ni da wutsiyar ido, kamar kaza ta hango shaho. Wata safiya yana zaune a bakin ƙofa, na tsaya gabansa na zaro masa harshe har ƙasan haɓa. Mutumin da in ka sa hula a karkace sai ya gyara maka. Ya ce, "Ina kwana, Nnalongo." Na mayar da harshena a hankali. Tun da nake tsokanarsa ban taɓa jin abin ya yi mini ɗaci ba sai ranar.

Na zauna kusa da shi na ce, "Tun yaushe?"

Bai yi musu ba. Ya ce ciwon suga ne ya hau idon. Ya je asibiti, sun haska, sun ce ya makara. Gefe-gefe yana gani, amma duk abin da ya kalla kai tsaye sai ya zama kamar an dangwala babban yatsa mai maiko a kai. Da ka yake tsara shafukan, ya san faɗin kowane gurbi da lamba, yatsunsa sun san hanya. Ranar malamin ya dubi bango da gefen ido, ya ga baƙin mutum cikin kwat a tsakiyar furanni, ya ɗauka ya riga ya musanya.

Ya ce, "Kada ki gaya wa kowa. Na san kamar na roƙi ruwa ne kada ya jiƙa, amma kada ki faɗa."

Ban faɗa ba, kuma wannan kaɗai ya isa a sa ni a mujalla. Dama ina kai abincin rana titin Nasser, sai na mayar da teburinsa wurin tsayawata ta ƙarshe. In ajiye masa katogonsa na rogo da wake, in leƙa allon kwamfuta kamar mai gulma, in yi magana ƙasa-ƙasa. "Wannan ba kai ba ne, wata tsohuwa ce mai gibi." "Amaryar tana kallon waje, kamar tana neman hanyar gudu." Sai ya juya ta. "Kanun nan ya hau kan limamin." Sai ya sauke shi. Karatuna aji huɗu ne, rubutu sai na bi shi da yatsa, amma fuska ba ta ɓace mini. Ma'aikatan wurin suka fara cewa Marigayi ya yi budurwa. Na ce musu ni ba na auren gawa sai da gado.

Mun ci damina ɗaya a haka. Amma abin yana ci gaba da cin idon, dangwalen yana faɗi. Ya fara laluben linzamin kwamfuta a kan tebur. Ya fara ce wa masu kawo aiki su karanta masa da baki, wai yana son ya ji yadda maganar take sauka a kunne. Hajati ba yarinya ba ce, a cikin tawada ta girma.

Ranar da abin ya ƙare ina wurin, da kwanon a hannuna. Ta sauko daga matakala riƙe da takarda, ta ajiye a gabansa, ta ce, "Muzeyi, duba mini bugun gwajin nan kafin mu sa a inji." Na leƙa. Ba komai a jikin takardar, fara fat, sabuwa daga cikin ƙunshi. Na buɗe baki, Hajati ta dube ni, na rufe.

Ya ɗauka da hannu biyu. Ya matso da ita, ya nesanta, ya karkata kai. Mai injin yanka ya tsayar da aikinsa. Ssebuliba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Hoton ya ɗan matse kanun. A sauke shi kaɗan."

Ba wanda ya yi dariya, abin da na fi tsana ke nan. Da an yi dariya da na san yadda zan shiga in juya maganar. Hajati ta karɓi takardar a hankali ta ce, "Ba komai a kanta, Muzeyi." Ya ce, "To." Ya shafa tebur har ya sami rularsa ta ƙarfe, wadda ya zo da ita tun daga mujalla, ya sa ta a aljihun kwat, rabinta a waje. Hajati ta ce ya ci abincinsa tukuna. Ya ce ya ƙoshi. A matakala ya ƙi in riƙe masa hannu, sai da muka fita titi, cikin babura, sannan ya kama gefen zanena kamar ba da gangan ba.

Kafin mako ya zagayo wani ya zauna a teburin. Na ga aikinsa: ya ja hoton wata mamaciya ta gefe don ya cika gurbi, ta baje kamar gurasar capati, ya zuba mata kurciyoyi da gajimare har ba wurin ajiye allura. Masu makokin sun ce ya yi kyau. Ban gaya wa Ssebuliba ba.

Ya yi 'yan watanni a ɗaki. Ta bango nake jin sa yana buɗe tsofaffin mujallunsa, shafi bayan shafi, ba ya karantawa, shafawa yake yi. Wani lokaci ya kira ni ya ce in gaya masa abin da ke shafin, ina fara faɗa sai ya karɓe, ya gaya mini wanda ke hagu, da launin rigarsa, da yadda ya yi faɗa da edita kan farin wurin da ke ƙasa. 'Yar ta yi kuka a waya, amma ba ta da ikon dawowa. Daga ƙarshe ɗan wan ya aiko cewa an share masa ɗaki a bayan gida, kusa da inda ake ɗaure akuya.

Ni na ɗaure masa kaya. Katifa, rediyo, mujallu cikin buhun suga, wanda na ce masa ya dace da ciwon. A ƙarƙashin gado na jawo kwalin nan na Mpigi, yana nan cike, bai jefar da ko ɗaya ba. Na zaro guda. Ga shi a tsakiyar furanni, fili ta kowane gefe, yana kallon cikin shafi yadda doka ta ce. Gaskiya bangon ya yi kyau. Ni kuma abu ɗaya na iya, tsokana.

Na ce, "Marigayi, kai ka huta. Naka littafin a shirye yake, suna kawai za mu kankare. Ni ce abin tausayi, ban san wanda zai yi nawa ba."

Yana zaune bakin gadon da ba katifa, rula a hannu, ya juyo da gefen fuskarsa wajena.

Ya ce, "Ki bar wasiyya a sa furanni kawai. Duk titin Nasser ni kaɗai ne zan iya zaunar da fuskar nan taki a bango ba ta kori masu makoki ba, kuma ko ni sai da Allah ya tausaya mini ya ɗauke ta daga gabana."