Haƙorin Zinaren Manase

A garin Neiafu, duk wanda haƙoransa suka zube ya san ƙofar Kalolaine, mai haɗa haƙoran roba. Mace ce mai faɗan tsiya, amma ban ga mai hannu irin nata ba. Ta kan ce yawanci muƙamuƙin saman namiji ya fi faɗi, ganɗarsa ta fi zurfi, na mace kuwa ɗan tsukakke ne. "Ga ƙaramin baki, ga yawan magana," in ji ta, ita ma tana ciki.

Wata safiya tsohuwa Melenaite ta shigo da baƙaƙen kayan takaba, hannu rufe da baki. Jikarta za ta yi aure, ita kuwa kunyar wawulo ta hana ta shiga mutane. Kalolaine ta duba, ta ga dasashi duk rauni.

"Iya, me kika cusa a nan?"

Tsohuwa ta kwance bakin gyale. Haƙoran robar mijinta ne, marigayi Manase mai kamun kifi, da ɗaya na zinare a gaba wanda aka narka daga zoben aurensu.

"Rage mini su, 'yata. Da su zan je bikin."

"Haba Iya! Bakin Baba Manase ai kwalekwale ne, naki ƙoƙon kwakwa. In na rage, fashewa za su yi."

"To ba ni abina. Ba zan je in bar shi a gida ba."

Tausayi ya kama Kalolaine, ita da ba ta iya lallashi ba. Ta fizge haƙoran, ta zaunar da tsohuwa da tsawa, ta auna bakinta. Ta haɗa mata sababbi daidai ita, sannan ta ciro na zinaren ta dasa a gaba. Ya fi 'yan'uwansa girma, mai ido ɗaya ma zai gani. Ta ɗauki magagari za ta rage shi, ta daɗe tana kallonsa, ta ajiye. Ita da ba ta barin aiki da aibu, ranar ta bari.

Ran biki Melenaite ta ci gwaza da gasasshen kifi har ta manta da rufe baki. Wani ya yi barkwanci, ta ƙyalƙyale da dariya. Amarya ta juyo, ta hango haƙorin zinaren yana walƙiya, ta tsaya cak, hawaye suka zubo mata.

"Kaka," ta ce, "ashe ya zo."