Ƙarar da ba ta fita sai da lodi

Motata ta fara ƙara ana gab da faɗuwar damina, saura kaɗan in sayar da san huɗana saboda ita.

Tsohuwar wagon ce. Da ita nake ɗaukar mutane da kaya tsakanin Gwandu da Kalgo: albasa, shinkafa, busasshen kifi, wata rana akuya a but, wurin kaya na baya. Ban yi boko ba. Mota da gona da shanun huɗa biyu, su ke nan abin da na mallaka. Na sha yunwa, ambaliya ta taɓa cinye min gona a fadama, duk ban damu kamar yadda wannan ƙara ta dame ni ba.

Daga ƙasa take fitowa, gwaf, gwaf, kamar ana dukan duro da taɓarya. Fasinjoji suka tsorata. Wata tsohuwa 'yar Maruda ta sauka a tsakiyar hanya, ta ce gara ta ƙarasa da ƙafa, ba ta yi sallama da jikokinta ba. A tasha kuwa, in layi ya zo kaina, sai kowa ya ce yana jiran wani.

Na sauke kaya, na wanke ta tas, na kai ta gareji a Gwandu. Haka muke yi, ba a kai wa mutum mota da ƙarnin kifi. Bakanike ya tayar da ita, ya kasa kunne. Shiru. Muka zaga gari. Shiru.

"To, yi min ƙarar da baki," in ji shi.

Na yi. Da furfurata, a tsakiyar gareji, ina gwaf-gwaf.

Ya gyaɗa kai. "Giyabos ne. Sai an canja."

Kuɗin da ya faɗa ko rabinsu ba ni da shi. Sai dai in sayar da sa ɗaya. In na sayar, ba huɗa a bana, don sa ɗaya ba ya jan garma. In na ƙi, mota ta tsaya, gida ya tsaya.

Akwai wani mahauci a Kalgo, ƙato, ba ya shiga ƙofa sai a kaikaice. Ya daɗe yana maitar jan san nan nawa. Na aika masa, ya zo ya shafa, ya taya. Na ce zan yi shawara.

Ranar da na tafi in ce masa na sallama, sai na ratse rumfar taubashina, ɗan kawuna, mai gyaran mota a bakin kasuwar Kalgo. Da gangan na ƙi zuwa wurinsa tun farko. Hannunsa na da kyau, bakinsa ne ba kyau.

"Lale, bawana ya iso!" ya ce. "Har yau ba a rufe wagga gawa ba?"

"Mai wanka take jira. Ga ta na kawo maka."

Na gaya masa komai, har ƙarar da na yi da baki. Ya yi dariya har ya zauna a kan taya.

"Mi ka ɗauko ran da ta yi ƙara?"

"Albasa da mutane."

"Ran da ka kai ta gareji fa?"

"Ba komai."

"Kai dai tun muna yara haka kake. Mota na kuka da kaya, kai ka kai ta ba kaya. Je ka nemo lodi."

Ba ni da abin sayen lodi. Muka ari buhunan albasa wurin maƙwabcinsa, muka jera a but. Muka zaga. Ta ɗan yi tari sau ɗaya, ta yi shiru. Taubashi ya ce nauyi bai kai ba.

Muna dawowa sai ga mahaucin, ya ji na shigo gari, har da igiya a kafaɗa. Taubashi ya dube shi daga sama zuwa ƙasa, ya buɗe ƙofar baya.

"Sarkin fawa, bismillah. Ciniki irin wanga ba a yinsa a tsaye. Shigo mu sha iska."

Ya shiga. Mota ta durƙusa. Taubashi ya kwanta a but tsakanin buhuna, kunne a ƙasa, ƙafafu a waje. Na kama hanyar Dangoma, inda ramuka suka fi yawa. Ramin farko, gwaf. Na biyu, gwaf, gwaf. Ban taɓa jin daɗin ƙarar nan ba sai ranar.

"Tsaya!" taubashi ya yi ihu. "Sarkin fawa, don girman Allah kada ka motsa."

Ya shige ƙarƙashi. Can ya kira ni, na leƙa. Robar da ke rataye bututun salansa ce ta tsinke, bututun ya sauko. In mota ba kaya, ba ya taɓa komai. In ta yi nauyi, sai ya riƙa dukan ƙarfen tayoyin baya. Wurin har ya yi ƙyalli don duka.

A rumfa ya yanko tsohuwar taya, ya huda, ya rataye bututun. Muka sake zagawa, mahauci na baya. Tsit.

"To, maganar sa fa?" in ji mahauci.

"Wane sa?" na ce.

Ya dube ni, ya dubi taubashi. "Wato da jikina aka hana ni ciniki?"

"Allah ya ƙara maka ƙiba," in ji taubashi.

Mahauci ya yi ta zaginmu har ya gaji ya fashe da dariya. Na sayi tsire a wurinsa muka ci mu uku, don ya huce. Taubashi bai karɓi komai ba. Ya ce in riƙa kiransa ubangida a gaban jama'a. Na kira shi sau ɗaya, can ƙasa-ƙasa.

Ruwa ya sauka, na yi huɗa da shanuna biyu.

Yanzu ina Gwandu. Da safe ina tasha, in lodi ya cika in tafi Kalgo, in dawo kafin la'asar in leƙa gona.