Ranar da Na Zama Lauya a Motar Koriya

Ni fa tun farko ba da ni aka ƙulla wannan magana ba, ina zaman zamana aka jawo ni ciki. Shekarun baya ne, lokacin da wayar hannu ta shigo da zafinta, duk wanda ya mallaka sai ya ajiye ta a kan tebur don kowa ya gani. Abuja kuwa duk inda ka waiga gini ake yi, mutane sai ɓarkowa suke. Ni ina tashar Utako ina kamasho, wato kiran fasinja. Boko a aji uku na sakandare muka rabu. Ba korata aka yi ba, ni da shi ne muka duba muka ga jininmu bai haɗu ba. Amma murya kam Allah ya ba ni. In na ce "Bwari ɗaya! Bwari ɗaya!" har wanda Kaduna za shi sai ya tsaya ya yi shawara.

Wanda ya jawo ni abokina ne, ɗan kudancin Kaduna, ɗaki ɗaya muke haya a Kado. Direban gida ne, ya daɗe yana tuƙa wata madam ma'aikaciyar gwamnati. Da ta yi ritaya za ta koma garinsu, sai ta miƙa masa makullin 'yar ƙaramar motarta ƙirar Koriya, ta ce ya je ya nemi na kansa. Ranar ya shigo ɗaki yana kuka yana dariya. Ni kuma da na leƙa na ga motar, dariyar kawai na taya shi.

Don a lokacin, a tasha, in ana maganar mota ta Japan ake nufi. In ba ita ba, to tsohuwar wagon ta Faransa. Ta Koriya gwangwani muke ce mata. Wai jikinta ba ƙarfe, wai in ta lalace sai dai ka zuba ƙasa a ciki ka shuka albasa, don kayan gyaranta babu. Yawancin masu faɗin haka ko ƙofarta ba su taɓa riƙewa ba, har da ni.

Da ƙyar Ciyaman na tasha ya yarda ya sa shi a layin Bwari, shi ma na gwaji. Dokar layi kuwa kowa ya sani: in naka ya zo ka matso gaba ka yi lodi, in ka daɗe ba ka cika ba a tsallake ka. Haka aka yi ta tsallake abokina. Fasinja zai zo, ya kalli motar, ya kalli abokina, ya wuce ta baya. Shi kuma sai ya ɗauko tsumma ya ƙara goge ta. Mai ƙara wa abin gishiri wani direba ne mai ƙatuwar wagon ta Japan, bakinsa ya fi hon ɗinsa ƙara. Motar ta wani attajiri ce a Wuse, kullum da yamma yake kai masa makulli, amma in ka ji yana cika baki sai ka ce shi ya ƙera ta. In ya zo wucewa sai ya ƙwanƙwasa bonet ɗin abokina ya ce, "Sardin ɗin ciki ya ƙare ne?"

Daga ƙarshe Ciyaman ya yanke magana. Ranar kasuwar Bwari, in abokina bai fita da cikakken lodi ya kai ya dawo ba, ya ɗauke abarsa daga layi.

Abokina ya same ni ina cin kifi a bakin hanya. Ya ce, "Mutumina, motan nan ba shi da laifi. Mutane ne ba su shiga sun gani ba. Kai za ka zauna mini a ciki."

Wanda bai san tasha ba, ga yadda abin yake. Mutum ba ya son shiga motar da babu kowa, don ya san zai daɗe yana jira. To sai a sa wani ya zauna kamar fasinja, da 'yar jaka a cinya. In na gaske suka taru, sai ya ce bari ya sayo ruwa, ya zame. Ni nake sa yara wannan zaman, ba ni ake sawa ba. Na ce masa, "Kai, ni fa babba ne a tashar nan."

Ya ce, "Ba zaman banza ba. 'Yan makarantan lauya na Bwari, baƙi da fari suke sawa. In sun ga nasu a ciki, za su shiga."

Na ce, "Ni? Lauya? Ni da ko sa hannu sai na yi atisaye?"

Bai yi dariya ba. Ya ce shekara da shekaru yana buɗe wa mutane ƙofa, wannan ne karo na farko da makulli yake kwana a aljihunsa, kuma in aka fitar da shi daga layi, sai dai ya sayar ya koma neman gidan da zai tuƙa. Kifin ya daina mini daɗi.

Kwat da wando da farar riga a wurin maƙwabcinmu mai aikin otal muka aro. Hannun kwat ɗin bai kai mini wuyan hannu ba. Takalminsa kuwa ya ƙi shiga, na ce ba komai, ƙafa ai a ƙarƙashin kujera take, na zura silifas ɗina. Na riƙe wata matacciyar waya da ko layi babu a ciki.

Ranar kasuwar, da layi ya zo, abokina ya kunna mota, ya ɗaga gilasai, ya saki esi. Wannan kam gaskiya, esin motar nan kamar firij, madam ba ta wasa da sabis. Ya buɗe mini ƙofar baya na shiga na harɗe, na kara waya a kunne ina gyaɗa kai. Ba a jima ba sai ga 'yan makarantar lauya biyu, mace da namiji. Suka leƙo suka ga baƙi da fari, suka ji sanyi ya bugi fuskarsu, suka shige. Sai ga wata Mama mai kifi daga Kado, da ƙaton kwando da ƙarami. Ita ba ta kalli ƙirar mota ba, cewa ta yi, "Sanyin nan na gaske ne?" Aka sa babban kwandon a but, ƙaramin ta rungume. Sai wani Alhaji ma'aikacin gwamnati, da farin gilashi da jarida, motarsa na wurin bakanike. Ya ce ba ya son matsi, kujerar gaba duka tasa ce.

Saura ni in zame. Ga wani mutum ya nufo da jakarsa, daidai cikon mota. Na ce, "Bari in sayo ruwa," na ja hannun ƙofa. Shiru. Na ƙara ja. Ƙofa ko gezau. Na danna gilashi, shi ma daga wurin direba aka kulle shi. Abokina yana baya yana ɗaure but, bai san me ake ciki ba. Ɗaya ɓangaren kuma Mama ce da kwandonta, kamar an gina katanga. Mutumin ya leƙo ya ga ba wuri, ya wuce wagon ɗin mai baki.

Ina cikin kokawa da ƙofa sai ga Ciyaman. Ya buɗe ta daga waje ba wahala, ya dube ni sama da ƙasa. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Barista, yaushe aka yi bikin zama lauyan?" Sannan ya ɗaga murya, "Mota ta cika ko da saura?"

Ƙofa a buɗe take, ba abin da ya hana ni fita. Amma na san in na sa ƙafa waje da silifas, 'yan makarantar nan za su gane, su fice, kuma layi ya wuce. Na hango abokina tsaye da igiya a hannu yana kallona. Na gyara kwat na ce, "Ta cika, Oga. Bwari za ni."

Ya ce, "To biya."

Wallahi na biya. Ɗan kamasho ya biya kuɗin mota a tasharsa, zuwa garin da ba shi da ko kare a ciki.

Muka kama hanya. Budurwar da ke kusa da ni ta juyo ta tambaye ni da Turanci wace jami'a na yi. Na ɗaga mata yatsa, na kara matacciyar wayata na ce, "Yes. Yes. No. Adjon." Iyakar lauyancina ke nan, a talabijin na tsinta.

Alhaji ne ya cece ni. Ya shafa gaban motar ya ce ya taɓa zuwa kwas a Koriya. Wai kamfanin da ya yi ta da kayan keke ya fara. Daga nan keke, daga nan babur, sai mai ƙafa uku, kafin su kai ga mota. Ƙasar ta sha yaƙi, ba su da man fetur kamar mu, sai naci. Da suka fara kai motoci waje dariya ake musu. Har karyewa kamfanin ya taɓa yi, wani kamfanin ƙasarsu ya saye shi aka ci gaba.

Abokina ya ce, "Alhaji, ya faɗi ya tashi?"

"Ya tashi mana. Ba ga ka a ciki ba?"

Abokina ya gyara zama ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

Bayan mun wuce Dutse hanya ta fara hawa, motar ta fara nishi. Mutum shida da kifi a 'yar wannan aba. Abokina ya kashe esi, Mama ta ce, "Kifina!" Ya ce, "Mama, yi haƙuri, motan yana bukatan ƙarfinsa." Ya sauke giya. Sai ga hon ta bayanmu, wagon ɗin mai baki ce. Ya zo daidai mu ya rage gudu, yaron motarsa ya leƙo yana kaɗa igiya: "A ɗaura ku?" Suka wuce suka bar mu da hayaƙi.

Ruwan kifi yana ɗiga a wandon aro, gumi ya jiƙa farar riga, mota tana tafiya kamar mai ciwon baya. Alhaji ya ajiye jarida yana salati, Mama tana kiran Yesu. Ni ban san lokacin da lauya ya fita daga jikina ba. Sai ji na yi ina dukan bayan kujera ina ihu, "Ja ta, mutumina! Kar ka ɗaga ƙafa! Bwari ɗaya! Bwari ɗaya!" da muryar nan tawa ta tasha. Abokina yana ta ce wa motar, "Kaɗan ya rage, kaɗan ya rage." Ba ta yi sauri ba, amma ba ta tsaya ba. Da muka hau kan tudun, ya mayar da esi, Mama ta buga guɗa a cikin kunnena.

A Bwari abokina ya fita ya buɗe wa kowa ƙofa, kamar yadda ya saba yi wa madam. Ashe shi ya sa bai taɓa sanin ƙofofin baya ba sa buɗuwa ta ciki ba. Budurwar nan ta sunkuya ta nuna mana wani ɗan maɓalli a gefen ƙofar, ta ce na yara ne, don kar su buɗe ana tafiya. Madam ce ta sa saboda jikoki. Ta ture shi da farce, sannan ta dubi ƙafata ta ce da Hausa tsaf, "Barista, tun daga Utako nake son in ce silifas ɗinka ya tsinke." Mama kuwa ta taɓa kifinta ta ji da sauran sanyi, ta ce duk ranar kasuwa a ajiye mata wuri. Da ta gama sayar da kifinta, da ita da ƙawayenta aka cika motar dawowa, ni a tsakiya da buhun doya a cinya.

Ba zan ce muku daga ranar komai ya yi daɗi ba. Ya sha wahalar kayan gyara. Ƙaramin abu zai lalace, ya zagaye kasuwar kayan gyara ta Apo kaf a ce masa ba a ajiye na Koriya, sai an aika Legas, mota ta yi kwanaki a kan dutse. Bai taɓa cewa zai sayar ba. Da aka ɗan kwana biyu sai ga motocin Koriya sababbi dal da ledarsu a ƙofar bankuna da ma'aikatu, masu kayan gyara da kansu suka fara kiransa. Ni abin da ya zauna mini shi ne, na daɗe ina zagin abin da ban taɓa shiga ba, sai da ƙofa ta kulle da ni na san shi. Har yau in na ji matasa suna yanke wa mota hukunci daga nesa, ko mutum, sai in ce su shiga tukuna.

Amma bari in koma ranar, don ba a tashi haka nan ba. Da muka dawo Utako, Ciyaman ya leƙa ya ga mota cike, ya ce a bar yaro a layi. Ni kuma da bakina da ba ya ajiya, na hau ba jama'a tarihin da Alhaji ya ba mu, har da ƙari. Ina cewa "keke" mai baki ya cafe. Ya hau kan benci yana tafi.

"Kun ji ko? Ashe keke ce! Shi ya sa na riga su har na sha shayi. Kai, ɗan keke, ina ka baro fedar?"

Tasha ta ɗauki dariya. Abokina ya gama goge gilashinsa tsaf, ya kulle mota, ya ɗaga makullin sama yadda kowa zai gani, sannan ya jefa shi a aljihu.

"Eh, Oga, keke ne. Amma nawa ne. Kai jirginka, in yamma ya yi, wa kake kai wa makulli?"