Ranar da Baba Ya Bar Gayya Saboda Jarrabawata

Wata Asabar ce a daminar shekarar da aka fara Shari'a a Zamfara. Tun kafin hantsi ina tsaye a bakin hanyar Sakajiki, fensira biyu da rula a cikin leda. Ƙarfe tara za a fara jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata a Kaura, ga shi 'yan kabu-kabu uku sun wuce ni ko waiwaye babu. Na huɗun ya tsaya ya ce, "Ɗiyata, an hana mu ɗaukar mata. In aka kama ni, babur ɗin ga ya tahi." Motar da aka ware wa mata kuwa sai ranar kasuwa take biyowa ta garinmu.

Shekarata goma sha huɗu a lokacin. Malam Isa, malamin lissafinmu, shi ya sa sunana. Shi ya gaya mini akwai inda ake koyon haɗa wutar lantarki a jami'a, kuma makarantar nan ce ƙofarta, wadda ta rasa ta bana sai dai ta haƙura. Wata uku na yi ina karatu tsakanin surfe da ɗebo ruwa, ina lissafi da gawayi a jikin rumbu, har ƙawayena suka gaji da kirana gaɗa. Mata a bakin rijiya sukan ce, "Mace da hawan falwaya?" Nakan ga yadda Inna take tsuke baki in ta ji su.

Na ruga gona ina kuka. A ranar ne Baba ya kira gayyar maimai, wato noma na biyu, mazan unguwa sun yi sahu cikin gero, kuma abin kunya ne mai gayya ya tafi ya bar mutane. "Mi ya hwaru?" in ji shi. Da na faɗa masa, ya dubi rana, ya dubi mutanen, ya miƙa wa ƙanensa fartanya, ya jawo tsohon kekensa daga gindin gawo. Na hau baya. Hanya duk taɓo, sau biyu sarƙa tana zamewa, shi kuwa yana ta haki. Na gwada bita a zuci, sai na tarar ko bakwai sau takwas ya ɓace mini.

Mun isa an riga an raba takardu, an turo ƙofa. Malamar da ke tsaron ɗakin ta dube ni, ta dubi ƙafafun Baba da laka ta kai gwiwa, sannan ta ce in shiga. Na zauna na rubuta sunana. Ta taga ina hango Baba zaune a gindin dogonyaro, ko kunu bai sha ba.

Sai da aka yanke gero sakamako ya fito. Kullum in na ji sallama a zaure sai in ruga in leƙa, har ranar da Malam Isa ya zo da takarda yana murmushi. Daga nan na bi hanya har jami'a, yau ina aikin injiniya a tashar rarraba wuta a Kaduna.

Gonar nan ta yi shekaru ba a noma ta ba saboda 'yan bindiga, iyayena kuma sun koma Kaura. Ɗiyar ƙanena da ta rage a ƙauye ta fi ni kan lissafi, amma an fi rufe makarantarsu a kan buɗe ta. Jiya ta tambaye ni a waya ta ina ake bi a zama injiniya. Sai na tuna da hanyar Kaura. Mu a zamaninmu, makara kaɗai muke tsoro a hanya.