Hannun da Na Ajiye wa Diyya

Shekarun baya na tafka wata wauta da ko akuyar gidanmu ba za ta yi ba. Ni da bokona bai wuce aji uku ba, na ce zan yi wa likitoci wayo, kuma da hannuna na dama.

Lokacin ina aiki a wani injin casar shinkafa a nan Lafiya. Wata safiya bel ya zame, maimakon in kashe injin sai na kai hannu zan mayar da shi yana gudu, don haka muka saba. Ya cafke hannun rigata ya fizge ni. Abin da na tuna shi ne ƙarar ƙashi, kamar an karya rake, da wata mata 'yar Tibi da ta kawo shinkafa tana ihu tana kiran Yesu a kaina. A keke napep aka kwashe ni zuwa asibiti, aka ɗaure karayar da siminti.

Mai injin mutumin kirki ne, ya sa mu cikin tsarin diyyar ma'aikata. Aka ce za a biya magani, in an gama jinya kuma likita zai duba hannun, a ba ni diyya gwargwadon lahanin da ya rage.

Sai abokina da muke ɗaukar buhu tare ya zo duba ni a gidana da ke Akurba. Ya matso ya rage murya.

"Mutumina, ka ji abin da suka ce ko? Gwargwadon lahani. In ka kai musu hannu garau, sannu kawai za su ce maka. Ka bar shi ya kwanta har a duba. In kuɗi sun shigo sai ka tashe shi."

Shi ma bokonsa irin nawa ne. Na ga maganar ta zauna daram.

Da aka fasa simintin, aka tura ni sashen gashin ƙashi, inda ake motsa gaɓoɓin da suka sandare. Wadda aka haɗa ni da ita wata 'yar Eggon ce, sa'ar 'yata. Ta ba ni ƙwallon roba, ta ce, "Baba, safe da yamma ka sa hannu a ruwan ɗumi, ka matse bol ɗin nan, ka tsince wake ɗaya ɗaya. Hannu yana so aiki. In ka bar shi zai yi fushi."

Na ce to, 'yata. Ina zuwa gida ƙwallo ya shige ƙarƙashin gado, waken kuma ya shiga tukunya. Na rataye hannun da ƙyalle a wuya kamar sabon jariri, ana ba ni abinci da cokali ina ci da hagu ina nishi. In ranar asibiti ta zo, wani lokaci in je in yi ta yatsine fuska, wani lokaci in ce babu kuɗin keke. Matata ta gaji ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Hannu ba gona ba ne da za a bar shi ya huta." Na ce mata harkar maza ce.

Ana nan aka gayyace ni suna a Shabu. Aka kawo tuwon shinkafa a babban tire, dattawa suka kewaye. Ba a sa hagu a tiren mutane, cokali kuma babu. Na duba, ba wanda ya san ni da asibiti a wurin, sai na zare ƙyallen na ce bari in ɗan tashe shi ya ci tuwo.

Na kai hannu. Yatsun suka ƙi buɗewa.

Na sake gwadawa, na ce musu a zuci ku buɗe mana, wasa ya ƙare. Suna nan a lanƙwashe kamar ƙafar kazar da aka yanka. Duk tsawon lokacin nan ina zaton ni nake riƙe da hannun, ashe ya daɗe da riƙe kansa. Wani dattijo ya ce, "Bismillah mana, Malam." Na ce na ƙoshi. Da aka tashi sallar azahar na zauna tahiya, ko yatsan shahada na kasa ɗagawa.

Washegari kafin a buɗe ƙofa ina kan bencin asibiti. Kusa da ni wani magini ne da ya faɗo daga bene shekara da shekaru, hannunsa ya bushe ya manne da ƙirji, matarsa ce ke ɓalle masa maɓallin riga. Na kalle shi na ga kaina.

'Yar Eggon ta juya hannun, ta ja yatsun ɗaya ɗaya.

"'Yata, zai dawo?"

"Ban sani ba, Baba. Za mu gwada."

Ba ta yi min faɗa ba, ba ta tambaye ni ina ƙwallo ba. Ta dai naɗe hannun rigarta. Jama'a, na sha azaba. In ta kama yatsa ta miƙar, ina kiran mahaifiyata da ta daɗe a ƙasa, har masu jira a waje suna leƙowa. Ita kuwa sai ta ce, "Yi kuka, Baba, kuka kyauta ne, amma kar ka janye." A gida na rarrafa na zaro ƙwallo, na sayi mudun wake na kaina, na hana kowa taɓawa. Kowace safiya kafin in yi salati sai na duba ko yatsun sun ƙara rufewa. Ranar da na iya murza lomar tuwo da kaina, matata ta juya baya tana share ido da bakin zani.

Diyya ta zo daga baya, ta shige rufin ɗaki da hidimar yara, yau ko ƙurarta babu. Yatsa uku sun dawo, har da na shahada, alhamdu lillahi. Ƙaramin da na kusa da shi suna nan a naɗe, da su za a binne ni. In na miƙa hannu a gaisa, sai in ga mutum ya ɗan duba ƙasa, ni kuma in yi dariya in ce injin shinkafa ne. Har yau in na wayi gari na ji hannun ya yi nauyi, sai gabana ya faɗi. Shi ya sa duk wanda na gani da ƙyalle a wuya nake tsare shi da wa'azi, ko bai tambaye ni ba.

Ranar da aka sallame ni, na yi wa yarinyar nan godiya, na ce injin ya so cinye hannun duka, Allah ya kawo ta. Ta riƙe yatsun nan biyu a tafinta, ta daɗe tana kallonsu.

"Baba," ta ce, "waɗannan biyun ba injin ne ya ci su ba."